Hannayen Merle Haugen

Da safiyar Talata, sha huɗu ga watan Oktoba, Lorna ta kira ni a waya ta ce, "Kawu Duane, Baba ya cika." Merle Haugen, mahaifinta, abokina tun muna yara a nan Willow Fork, ya rasu a asibitin gunduma yana da shekara saba'in da uku, bayan doguwar jinyar ƙoda. Ga lokacin farautar barewa ya ƙarato, kowa a Montana yana goge bindigarsa, kai kuma Merle sai yanzu ka ga damar tafiya. Wallahi raina a ɓace yake, kuma har da kai a cikin waɗanda nake fushi da su.

Duk wanda ya taɓa zuwa filin harbi na garin nan ya san ka. Idan mutane sun gama harbi sun watse, kai ne kake sunkuyawa da tsohon bokitinka kana tsintar kwanson harsashi. Ka kai gida, ka zuba a injin nan naka mai girgiza tare da niƙaƙƙiyar totuwar masara, ya yi ta kaɗawa har tagullar ta fito tana ɗaukar ido, sannan ka sake ɗura musu albarushi. Rabin mafarautan kwarin nan da harsashinka suka cika firjinsu da nama, kuma ban taɓa ganin ka miƙa hannu ka karɓi komai ba. Shekarar da mijin Bonnie Stroud ya mutu, har bazara naman da 'ya'yanta suka ci daga motarka yake sauka, kana ajiyewa a bakin ƙofa kana wucewa don kada ta yi maka godiya.

Amma kai mutum ne da ba ka zubar da abu, kuma a nan muka sha faɗa. Totuwar nan ana sayenta fara sol, idan ta yi baƙi a zubar a sa sabuwa. Taka ta yi baƙi ƙirin tun matarka Ardis tana da rai. Sai ka ɗiga mata man goge ƙarfe ka ce ta farfaɗo. Na ce, "Merle, don Allah zubar da ƙazantar nan, ta mutu." Ka ce, "Kai ma ai ka tsufa, Duane, an zubar da kai?" Muka yi dariya. Mun san maƙyastin da ke gindin kwanso, mai tayar da albarushi, yana barin dalma, mun san totuwar ce take shanye ta, amma dukanmu ƙura kawai muke kiranta.

Sai ga Tessa, 'yar Lorna, jikarka tilo. Ranakun da uwarta take aiki a kanti wurinka take wuni, a ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda injin yake. Kana kiranta Oga. Ita ke riƙe rariya idan za a tace, ita ke cusa hannu har gwiwa cikin baƙar totuwar tana zaƙulo kwanso tana ihu, "Kaka, na samo zinariya!" Daga nan ku hau sama ku ci burodi da man gyaɗa. Na sha ganinku haka, kuma ban taɓa ganin ka da farin ciki irin na lokacin ba.

Tana shekara huɗu ta fara ciwon ciki. Ta daina cin abinci, ta koma fushi da kuka, kalmomin da ta iya suka riƙa zubewa. Likita ya auna jininta ya ce gubar dalma ce. Aka bincika fentin gidan Lorna, aka bincika famfo, ba a sami komai ba. Ranar da masu binciken suka sauka ɗakinka ina tsaye. Wata mata daga cikinsu ta shafa ƙyallen gwaji a kan 'yar kujerar Tessa, ya nuna dalma, ta dube ka. Lorna ce ta yi magana. Ta ce, "Baba, kai ka yi mata wannan. Saboda buhun totuwa. Ba za ka ƙara ganinta ba." Ta ja ƙofa ta tafi.

Ba ka kare kanka ba, ko sau ɗaya. Ka ɗaure tsohuwar totuwar a leda ka kai inda ake karɓar shara mai guba. Ka kankare ɗakin, ka ƙone kujerar, ka fitar da injin can rumfar bayan gida. Sannan ka cika motarka da sababbin buhunan totuwa ka shiga bin gidajen 'yan ƙungiyarmu ta maharba ɗaya bayan ɗaya. Ka buɗe injin mutum, idan ka ga ta fara duhu ka juye ka zuba masa sabuwa, ka ce ya riƙa tacewa a waje, ya wanke hannu kafin ya taɓa yaro. Wasu suka gode, wasu suka yi maka tsiya. Hollis Bream ya ce, "To, fasto ya iso, a ɓoye totuwa!" Ka ce, "Yi dariyarka, Hollis, amma ɗan autanka a ina yake wasa?" Hollis ya ɗauko maka bokiti da kansa.

Abu ɗaya kake so a duniya, ka sake ganin yarinyar nan, kuma kowa ya sani. Na je wurin Lorna na roƙe ta har na yi mata tsawa, abin da ban isa ba. Ta ce, "Kawu, kai ba ka zama da ita kana koya mata sunanta karo na biyu." Kai kuwa kullum kana bakin famfo da buroshi kana dirzar hannayenka har suka tsattsage, ƙoda kuma tana cinka.

Asabar ɗin ƙarshe ina zaune kusa da gadonka ƙofa ta buɗe, sai ga Lorna riƙe da Tessa. Yarinyar ta tsaya tana kallonka, can ta ce, "Kaka." Ta saki uwarta ta taho da gudu, hannuwanta a miƙe. Merle, da idona na ga ka janye hannayenka ka tura su ƙarƙashin bargo. Lorna tana kuka ta ce, "Baba, riƙe ta mana, na yafe." Ka girgiza kai ka ce, "Oga, tsaya daga nan in gan ki da kyau." Ta tsaya, ka ƙare mata kallo. Har suka tafi ba ka taɓa ta ba.

Jiya a coci na leƙa akwatinka. An haɗa maka hannayen a ƙirji, tas da su, babu ko ɗigon baƙi a farce. Sun daɗe da tsabta, kai ne ka ƙi yarda.

Lorna, ina yi miki ta'aziyya, ke da mijinki Curtis da dukan dangin Haugen. Kin kawo masa Tessa yana da rai, kada ki ƙara ɗora wa kanki komai. Allah ya ba ku haƙuri, ya ba Tessa lafiya, ya mayar mata da kowace kalma da ta ɓace mata. Kai kuma Merle, Allah ya jiƙanka, ya yafe maka abin da ka kasa yafe wa kanka, ya sa ka huta. Idan ranar haɗuwa ta zo, yarinyar nan ta taho da gudu, don Allah ka fito da hannayenka. Amin.