Hannun da Na Miƙa ta Kafar Zana

Na daɗe shiru, na sani. Tun farkon damina ba wanda ya gan ni a majema, ba wanda ya ga jar fatata a kasuwa. Ku fatake abokan cinikina kun yi ta aike, wasunku har sun ji an ce an yanke mini hannu. To ga ni da hannuna, yatsu biyar cif. Ku ji yadda aka yi.

Ina kankare gashi a fatar akuya wuƙa ta shafe ni a bayan hannun dama. Majemi ba ya tsayawa don ƙwarzane. Na tofa yawu, na ci gaba da aiki.

Kafin Juma'a ta zagayo wurin ya yi ja, ya kumbura, ya fara mugunya.

Nomau, abokina da muke jima tare tun muna yara, ya duba ya ce, "Kai, mi kaka jira? Ga magani gabanka. Tsoma shi ruwan bagaruwa. Abin da ka gyara hwatar akuya shi ka gyara taka."

Maganar ta shige ni. Kowa ya san bagaruwa maganin miki ce, mu kuwa da ita muke jeme fata. Sai na riƙa tsoma hannun kullum cikin kwatarniyar da fatu ke kwance, in cije baki, ina cewa zafin nan aikin magani ne.

Ashe kashe kaina nake yi.

Hannun ya zama kamar tulu. Wari ya hana yarana zama kusa da ni. Zazzaɓi, kaluluwa a hammata, ga wani jan layi yana hawa daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu.

Wanzami ya yi mini sakiya, ya fasa kumburin da ƙarfe mai zafi. Na yi ihun da har yau maƙwabta ke tsokanata da shi. Mugunya ta fita, ta sake taruwa. Fatun da na tara wa ayari duk suka tafi wajen neman magani.

Ranar da wanzamin ya dawo ya ga layin, sai ya ce, "In jan ga yaw wuce gwiwa, ba ni da sauran dabara sai wuƙa."

Na ji tsoro ƙwarai. Majemi ba hannun dama, da me zai ci da gida?

Matata Kulu ta ce mu je wurin mahaifiyarta a Ƙofar Dundaye, ta san maganin miki. Na ce a'a. Tun da na auri Kulu ban taɓa kallon fuskar Inna ba. In na hango ta a hanya, lungu nake shiga. Ni in zauna gaban surukata in naɗe hannun riga? Na ce gara wuƙar.

Kulu ta ce, "To zamna da kunyakka, ita ta ba ɗiyanka tuwo."

Washegari na bi ta.

Ashe Inna ma ta san da kunyar. Ta sa an buɗe 'yar kafa a jikin zanan da ya kare tsakar gidanta. Na tsuguna daga waje, na zura hannun, ita tana ciki. Ba ta yi mini magana ba, da Kulu take yi, alhali ina jin numfashinta.

"Tambaye shi mi yas sa ma hannun ga."

Na gaya wa Kulu, Kulu ta gaya mata abin da ta riga ta ji.

Inna ta yi tsaki. "Bagaruwa ta, gaskiya. Amma wadda tak kwana da ƙazamtar hwata. Ce mashi shi ba akuya na ba."

Ta ɗauko bagaruwar da ba ta taɓa ganin majema ba, ta tafasa a sabuwar tukunya, ta bari ta huce. Ta wanke mikin har ciki da tsumma mai tsabta. Ta barbaɗa garin bagaruwa da na busasshen lalle, ta zuba zuma, ta ɗaure. Safe da yamma haka, kuma ta hana ni ko leƙa majema.

Wari ya fara tafiya, sannan zazzaɓi. Wata safiya Kulu ta duba ta ce layin ya ja baya. Na juya wa zanan baya na yi kuka, ban damu da wanda ya ji ba.

Miki ya rufe amma yatsu sun sandare. Inna ta miƙo ƙwallon goruba ta kafar, ta ce wa Kulu in yi ta matsawa har ranar da zan iya damƙe shi.

'Yan'uwana majema, ruwan jima na fata ne, kada ku sa shi a miki. Ku wanke yanka tun yana ƙarami, da ruwan da aka tafasa. In kun ga jan layi ko zazzaɓi, ku nemi wanda ya sani a ranar. Nomau, na yafe maka, amma ka bar ba da magani.

Na gode wa Allah. Na gode wa Kulu da bakinta mai kaifi, da ku da kuka yi ta addu'a.

Shekaranjiya na gama fatar farko da hannun nan, ja wur, mai laushi. Na naɗe ta muka tafi Ƙofar Dundaye da Kulu, na zura ta kafar zanan. Inna ta kama bakin fatar, ta ce wa Kulu, "Ce mashi kar shi saki."

Ta ja, na riƙe. Ta ƙara ja da ƙarfinta duka har zanan ya girgiza, fatar ba ta bar hannuna ba.

Sai na ji dariyarta. Wannan karon ba ta bi ta kan Kulu ba.

"Saki, ɗana," ta ce. "Ka warke."