Naman mutum biyar a hannun Malam Idi

Ina leƙa tukunyar Malam Idi na ga miyar taushe tsululu, kamar ruwan wankin kwano. Nama kuwa ya yanka shi ƙanana kamar wake, ya jefa kaɗan, sauran ya rufe a gefe.

Girki nake koyarwa a Kiru, ɗalibaina waɗanda suka fito daga gidan yari ne. Malam Idi shekara takwas ya yi a can, shi ke yi wa fursunoni girki. Ranar kuma wata mai gidan abinci za ta zo ta ɗanɗana ta ɗauki ma'aikaci.

Na ce, "Malam, naman mutum biyar ne fa. Zuba duka."

Ya waiwaya ya dubi ƙofa. "Duka, Hajiya? A can wannan sai ya yi mana mako guda."

Ya zuba duka. Da miya ta yi kauri ya ɗanɗana, sannan ya ce, "Wallahi da haka muke dafawa, ko an buɗe ƙofa ba mai fita."

Matar ta ɗauke shi aiki, amma ta ce nama ita za ta riƙa yankawa.

Ashe wadata ma sai an koya wa mutum. Ku me wahala ta koya muku da har yau kuka kasa dainawa?