Wuta a Kan Tuva

Maƙwabciyata Solveig direbar bas ce. Santsin ƙanƙara bai taɓa ba ta tsoro ba, balle duhun da ke rufe garinmu tun la'asar. Wuta ce kawai ba ta wasa da ita.

A watan Oktoba aka yi ƙuri'a a makaranta, ta faɗa kan 'yarta Tuva. Ita ce za ta zama Lusiyar bana, wato yarinyar da ke jan ayarin mawaƙa a bikin haske na Disamba, ta shiga coci da kambin kyandirori masu ci a ka. Ga yarinya da gashi har gadon baya! Tun ranar Solveig ta daina barcin kirki.

"A sa na batir mana," in ji ta.

"Haba Mama, na jarirai? So kike a yi mini dariya?"

Ranar bikin Solveig ta zauna kusa da ni, bokitin ruwa tsakanin ƙafafunta. Aka kashe fitilu. Tuva ta shigo cikin farar riga, wuta na rawa a kanta. Ana tsakiyar waƙa, yarinyar da ke bayanta ta yanke jiki ta faɗi. Tuva ta fara waiwayawa, harshen wutar ya karkata wajen gashinta.

"Kar ki motsa!" Solveig ta daka tsawar da ta cika cocin. Tuva ta ƙame har aka gama.

A hanyar gida, sai Ebba, autar Solveig, ta ja mata riga.

"Mama, kar a ƙara rage mini gashi. Baɗi ni ce."