Ya Mutu a Ƙarshe

Aminin mahaifina dillalin shanu ne, Babarbare, gidansa yana unguwar Gwange. Baba muke ce masa tun muna yara. Ya fi shekara arba'in yana shiga Kasuwar Shanu, yana buɗe bakin dabba ya faɗi shekarunta, amma ban taɓa ganin mai son littattafan labari irinsa ba. A ƙarƙashin gadonsa akwai akwatin ƙarfe cike da tsofaffin littattafai, wasu babu bango, wasu an ɗinke su da zaren buhu. Na zamani ba sa burge shi. Ya ce littafin da bai yi shekara talatin yana yawo a hannun mutane ba, ba a san halinsa ba tukuna. Kuma ba ya barin ka zaɓa. Sai ya ƙare maka kallo, sannan ya laluba akwatin ya ce wannan ne naka.

Hausarsa tana gudu, sai dai namiji da mace duk ɗaya ne a bakinsa. "Matata ya tafi biki," in ji shi, ko ya ce wa ƙanwata "zo ka zauna." Mu 'ya'yan Kanawa mu yi ta dariya. Shi kuwa ya ce a yarensu ba a raba ba, mu ne muka ɗora wa kanmu wahala.

Ina ganin girmansa ƙwarai, abu ɗaya ne kawai yake ba ni kunya. Baba yana kuka in yana karatu. A ƙofar gida, mutane na wucewa, sai ka ga yana share ido da hannun riga. Na taɓa kasa haƙuri na ce, "Baba, da furfurarka kana zubar da hawaye saboda mutanen da ba a taɓa haifa ba?"

Ya ce, "Wanda ya rubuta ai an haife shi, Bakano."

Ban yarda ba. A ganina babban mutum yana karatu ne don ya ƙaru, kuka na yara ne.

Da Inna, mahaifiyata, ta rasu, ban yi hawaye ko ɗigo ɗaya ba. Masu zuwa ta'aziyya suna ta yaba dauriyata, ni ma har na fara jin daɗin yabon. Amma shekara ta zagayo ɗakinta a gidanmu na Bulumkutu yana kulle, makullin yana aljihuna. In yara suka ambace ta sai in tashi. Abu kaɗan sai in hau matata da faɗa. Na san akwai abin da ya tokare min ƙirji, kuma ina tsoron haka zan ƙare.

Wata Asabar na je gaishe da Baba. Ya dube ni ya daɗe, ya jawo akwatin, ya miƙo min wani littafi da takardunsa suka yi ja don tsufa.

"Labarin wani bafatake ne da ya dawo gida da ciwon ƙirji, tsohuwarsa yana jinyarsa," ya ce. "Ka shirya fa. Ya mutu a ƙarshe."

Na ji haushi. Wane irin mutum ne zai ba ka littafi ya faɗa maka ƙarshensa? Na karɓa dai don kada in yi masa rashin kunya.

Washegari bayan azahar na shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida na fara. Tunda na san bafataken zai mutu, sai na ƙi sakin jiki da shi. Duk tarin da ya yi in ce to, ga mutuwar nan tafe. Tsohuwar kuwa ban yi mata wani shiri ba. Na bar ta ta shige min rai: tana dama masa kunu tana yi masa faɗa, tana ɓoye masa takalmi don kada ya fita iska, tana cewa ta ci abinci alhali ba ta ci ba. Har dariya ta ba ni, don Inna ma haka take.

Saura shafi uku, bafataken ya farka da safe ya ji ƙirjinsa sakayau. Ya kasa kunne bai ji motsin tukunya ba. Ya leƙa ɗakin tsohuwar ya same ta a kwance, gasarar kununsa a ƙwarya kusa da ita.

Ban san lokacin da sautin ya fito daga bakina ba. Na kifa fuska a kan littafin na yi kuka irin wanda rabona da shi tun ina firamare. Matata ta leƙo, ta kwashe yara suka shiga maƙwabta. Kafin la'asar na buɗe ɗakin Inna na zauna a bakin gadonta.

Da na taso daga aiki ranar Litinin na tari keke napep har Gwange, da niyyar in yi masa tsiya. Na same shi a ƙofar gida ya dawo daga kasuwa.

"Baba, Hausarka ta cuce ni. Ka ce ya mutu, ashe tsohuwar ce."

"Ka yi kuka?"

Na sunkuyar da kai na ce na yi.

Ya gyara hularsa. "Shekara arba'in ina dillanci, ɗana, ka taɓa jin na sayar wa mutum saniya da sunan bijimi?" Sannan ya faɗa a hankali, kowace kalma a wurinta, yadda ban taɓa jin ya yi ba: "Ta mutu. Ta haife ka, ta raine ka, ta tafi. Da na faɗa maka daidai, da tsohuwar littafin ma ka kulle mata ƙofa."

Na miƙa masa littafin, shafukan ƙarshe sun cukurkuɗe da jiƙa, ina ba shi haƙuri. Ya buɗe ya nuna min wasu tabo da suka daɗe da bushewa a gefen nawa. Ya ce waɗannan nasa ne, na shekarar da tsohuwarsa ya rasu.