Gawon Ƙarfe

Aikina bin babban layin wutar lantarki ne, daga Rabah zuwa wajen Wurno, ina duba abin da ya matso kusa da wayoyi. Ƙa'idar ba ta da wuya: ba gini, ba dogon icce a ƙarƙashi, kuma ba mai hawan dogayen ƙarafan da ke riƙe da wayoyin sai ma'aikaci. Na fi son tafiyar bayan kaka, gonaki sun yi fili, wayoyi suna wani siririn kuka can sama, ni kuwa ina tafe kamar mai barci a tsaye.

Layin ya ratsa ta gonar kawuna, wan mahaifiyata. Da can akwai wani babban gawo a tsakiyarta. A wajenmu in an cire wake, a kan icce ake jibge harawa don kada dabbobi su kai gare ta, kuma a gawon nan Kawu yake ɗora tasa, har da amyar zuma ya rataya. Da layi ya zo aka sare shi, aka kafa dogon ƙarfe kusa da kututturen.

Wata rana da hantsi na hango ƙarfen ya yi kore shar, har na zaci idona ne ke yi mini gizo. Ashe dammunan harawa ne jere a tsakanin sandunan. Kawu kuwa yana sama, ƙafa ba takalmi, da gora a hannu yana tura wani damin gaba. Ga shi wutar irin wannan layi ba ta jira a taɓa ta, tsalle take yi.

"Kawu, don Allah aje gorag ga, ka sauko sannu!"

"Mi yaf faru? Kun sare min icce, kun dasa wani, kuma ku hana ni hawa?"

Ya sauko yana dariya, ni kuwa ga haushi ga tsoro. Na yi masa bayanin ƙa'ida dalla-dalla. Ya bar ni na gama, sannan ya ɗaga yatsa sama.

"Yi shiru ka ji, ɗana. Zumata ce. Ba ta tahi ko'ina ba."

Na kasa kunne. Wallahi kukan wayoyin bai da maraba da na ƙudan zuman gawon nan, inda muke kwanciya a inuwa muna yara.

A makon nan na kafa masa doguwar rumfa a gefen gona, nesa da layi, muka mayar da harawar can. Bai sake hawa ba, ya riƙe mini alkawari. Sai dai kullum da hantsi yakan je ya zauna a kan kututturen, idonsa a rufe. Wannan ban hana shi ba, ko da yake ba a son zama a wurin.

Ya rasu da daminar bara. Har yanzu ina bin layin, kuma in na iso gonar nakan cire hular kwano in tsaya kaɗan. Abokan aiki sun ɗauka wayoyi nake dubawa.