Hannun Alhaji Akanbi da Bel ɗin Inji

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, sha biyu ga watan Safar, Allah Ya karɓi ran maƙwabcina, Alhaji Akanbi mai injin markaɗe a Nasarawa, Birnin Kebbi. Ni da na tsaya aji huɗu ban cancanci rubuta ta'aziyyarka ba, Alhaji, amma gardama ka bari tsakaninmu, dole in ƙarasa ta.

Ɗiyata Rukayya tana ƙarama na raka ta markaɗe, sai hijabinta ya shiga bel ɗin inji. Ni uban ina tsaye ina lissafi: in ja ta, ko in nemi makashin injin? Kafin in gama shawara da kaina ka cusa hannu ka fizge bel ɗin. Yatsunka biyu suka tafi, wuyanta ya tsira.

Ka ƙi karɓar godiya. Ka ce, "Baban Rukayya, wallahi ban yi niyya ba. Hannu ya tahi, ni daga baya na ji labari." Abin kuma ya dame ka ƙwarai. Malamai sun ce aiki da niyya yake. To wanda bai ƙudura komai a ransa ba, shi ya yi, ko jikinsa? Ka ce ƙiftawar ido ma ba a shawara, wa ya taɓa samun lada a kanta?

Na ce in niyya ce lada, ni na fi kowa, don shekara da shekaru ina niyyar gyara katangar gidana. Ɗanka Dayo ya gaya mana masana ma sun rabu: wasu sun ce sai hoton abu ya zo a kai kafin a kira shi aiki, wasu sun ce jiki na da saninsa. Na ce ashe har albashi ake ci da gardamarmu ta bakin benci.

A asibiti, kana ciwon ajali, ka sake tambayata, wannan karon ba dariya: "Kana jin an rubuta min ladan?"

Sai a hanyar dawowa daga Argungu, inda na je gaya wa Rukayya rasuwarka na gan ta da goyo, amsa ta zo min. Ido kansa yake karewa in ya ƙifta. Hannun da aka bar wa kansa gudun bel yake yi. Naka cikinsa ya shiga. Wani ya koya masa haka tun da daɗewa, kuma ban ga wanda ya zauna da hannun nan ba sai kai.

Ina miƙa ta'aziyya ga matar marigayin, Mama Bimbo, da Dayo da ƙannensa. Allah Ya ba ku haƙuri. Ya Allah, Kai Ka san abin da ke zuciyar bawanKa tun bai sani ba. Ka jiƙansa, Ka haskaka kabarinsa, Ka rubuta masa shi cikakke. Amin.