Mai Auna Ƙofofin Jimeta

Shekarar da Jimeta ta cika da 'yan gudun hijira ina kwalejin horar da malamai, ina zaune a Nassarawo wurin Goggo, yayar mahaifina. Babu gidan da bai yi baƙi ba a layinmu. Namu baƙin su ne Malam, wani mai koyar da Alƙur'ani daga Borno, da matarsa, da 'ya'yansu mata ƙanana biyu. Matar da yaran suka shiga ɗakin Goggo, Malam ya shimfiɗa buzunsa a zaure tare da buhun littattafan da ya iya gudowa da su.

Haka aka zauna har zafi ya shigo. A lokacin cikin matar Malam ya tsufa, rufin zauren kuma duk huji ne, da rana kana iya ganin sama ta cikinsa. Kowa a gidan ya san dole su samu ɗakin kansu kafin ruwan farko ya sauka, kafin kuma haihuwa ta zo. Malam ya fara koyar da yara a unguwa, ya ce zai iya biyan hayar ɗaki ɗaya in dai ba ta fi ƙarfin talaka ba.

Mutane sun yi taimako sosai a wannan shekara, masallatai da coci-coci duka. Masara da tabarmi da sabulu sun ceci mutane da yawa. Amma akwai masu ganin dama ce ta rage tarkace. Mu an kawo mana injin taliya mara hannu, da wata rigar sanyi mai gashi wadda ko taɓa ta ka yi a zafin Yola sai ka yi gumi. Goggo ta ɗaga rigar da sanda ta ce wannan ba kyauta ba ce, shara ce aka kawo mata. Ita za ta nuna wa unguwa yadda ake bayarwa.

Abin da ta bayar shi ne gadon aurenta, gadon ƙarfe mai rumfa, mai tsuntsaye biyu a goshinsa. Shekaru da suka wuce an fito da shi tsakar gida domin gyara, mai walda ya ga kusoshin sun ci tsatsa, sai ya liƙe shi gaba ɗaya. Daga ranar bai sake kwancuwa ba, bai kuma sake shiga ɗakin Goggo ba. A ƙarƙashin rumfar girki yake, kaji na kwana a kansa.

Mu Fulani da su Barebari abokan wasa ne, don haka ko kyauta ba a miƙa ta salin-alin.

"Ke 'yar Barebari," in ji Goggo, "zo ki ga abin da ba ki taɓa gani ba. A garinku ai kan yashi kuke kwana."

"Goggo, mu da muka gaji gado?" in ji matar Malam. "Ku masu bin shanu ina kuka samu wannan? Ina jin wani Babarbare ne ya ba ku ajiya kuka riƙe."

Ta yi godiya har da durƙusawa. Amma na ga yadda ta ɗaga kai ta dubi tsawon gadon, ta dubi cikinta. Malam ya ce tunda dattijuwa ta ba su abin da ta fi so, ba za su kama ɗakin da gadon ba zai shiga ba, don yin haka raini ne. Ta haka neman ɗaki ya koma neman ƙofa mai faɗi.

Ni aka ɗora wa aikin, don Goggo ta ce ban da abin yi sai zama da littafi kamar kaza a kan ƙwai. A Jimeta ba kasafai ake rubuta ɗakin haya a bango ba. Wurin mai shayi ake ji. Namu na bakin titi ya san wanda ya tashi, da wanda aka kora, da wanda matarsa ta yi yaji ya rasa kuɗin haya. Shi yake gaya mini inda aka tashi aka bar ɗaki. Muka raba aikin da Malam: ni zan je in auna ƙofa, in ta yi, shi zai je washegari ya yi magana da mai gida. Wannan tsari ya yi mini daɗi, domin magana da baƙo ita ce abin da na fi tsoro a duniya.

Na yanki igiyar shanya na ƙulla mata ƙulli biyu, ɗaya faɗin gadon, ɗaya tsayinsa. Na ɗauki alli cikin wanda ya rage mini daga koyarwar gwaji, don in riƙa yi wa ƙofar da ta yi alama, kada Malam ya ɓata. Ba na fita sai da guga a rigata. Gilashina na ido yana nan. Katin shaidar makaranta kuwa a wuya yake rataye, saboda a lokacin ko'ina shingen bincike ne, Goggo kuma ta ce in ya faɗi daga aljihuna ba za ta je bariki neman ɗan ƙaninta ba.

Da hantsi nake zuwa, lokacin da maza suka tafi kasuwa. In yi sallama a hankali, a nuna mini ɗakin daga bayan labule, in miƙa igiya a tsaye, in miƙa a kwance, in sake aunawa don tabbatarwa. In ƙofar ta yi, in zana mata da'ira da alli in ja layi a tsakiya. In wata ta tambaye ni na mene ne, sai in ce, "Na 'yan gudun hijira ne, za a zo gobe," in yi sauri in fita kafin ta ƙara wata tambayar.

Ƙofa ta farko da ta yi, Malam ya je ya dawo da carbinsa a hannu. Mai gidan ya ce masa ya makara, wata ƙungiyar agaji ta riga ta kama ɗakin. Ta biyu ma haka. A ta ukun mai gidan ya ce zai iya ba shi, amma a farashin da ƙungiya za ta biya, ya faɗi kuɗin da jinsa ya sa Malam ya manta takalminsa ɗaya a ƙofar zauren.

Na koma wurin mai shayi.

"Ai ɗan boko, kun shigo a mugun lokaci," in ji shi, yana ɗaga kofi sama yana zubo shayi. "Masu agaji sun shigo Nassarawo. Gida-gida suke bi suna kama ɗakuna, shekara biyu-biyu suke biya a dunƙule."

"Ka gan su?"

"Ni da ba na barin tebur? Amma wanda ya gani ya gaya mini. Wani ma'aikaci ne, ba ya magana da kowa. Ka san manya."

A makaranta an koya mana kada mu yarda da labari daga baki ɗaya. Don haka na tambayi mai cajin waya, ya ce su biyu ne, da farar mota suke zuwa. Na tambayi tela, ya ce akwai Bature a cikinsu, amma ba ya fitowa daga mota saboda zafi. Baki uku, magana ɗaya. Na dawo gida na shaida wa Goggo da Malam cewa na bincika na tabbatar, Nassarawo ta fi ƙarfinmu, sai mu koma Limawa tun kafin mutanen nan su isa can.

Na fara Limawa da sassafe don in riga su. Abin mamaki, duk layin da na shiga, kafin Malam ya je washegari sun riga sun bi ta nan. Na fara jin haushinsu. Har na ce wa Malam bai kamata masu kuɗin duniya su zo suna ƙwace ɗaki daga bakin mutanen da suka ce sun zo taimako ba. Malam ya ce in yi musu kyakkyawan zato. Gajimare kuma ya fara haɗuwa ta gabas da yamma, Goggo ta fara jera robobi a zaure.

A Limawa akwai ɗaki ɗaya da ya fi kwanta mini, na wani Alhaji, mai ƙofa mai ƙyaure biyu kamar ta shago. Shi ma Malam ya je aka ce masa an ajiye wa ƙungiya.

Ranar da asiri ya tonu, matar Malam ta dawo daga awon ciki. Ina zaune a kan tabarma ina warware igiyata da ta cukurkuɗe. Ta tsaya a kaina ba ta ko cire mayafi ba.

"Ƙanina, ɗaga igiyar nan in gani."

Na ɗaga.

"Ƙulli nawa ne?"

"Biyu, Yaya."

"Goggo," ta kira, "fito ki gaida babban ma'aikaci."

Ta zauna a bakin gadon, kaji suka watse, ta riƙe cikinta tana dariya har hawaye. Da ƙyar ta iya ba da labari. A layin awo wata mata daga Limawa ta ba su labarin ma'aikacin agajin da ta gani da idonta ta bayan labule: siriri, mai gilashi, da kati a wuya, da igiya mai ƙulli biyu. Ya yi wa ƙofarsu alama da alli irin yadda masu rigakafi suke yi, don haka kowa ya san aikin hukuma ne. Matar ta ce daga ganin yadda ba ya kallon mutane a ido ka san ya yi karatu a waje.

"Ina farar motar?" in ji Goggo. "Ina Baturen? Ko shi ma a aljihunka yake?"

Na ce mutum uku ne suka tabbatar mini.

"Su ukun a ina suka ji?"

Na ci gaba da warware igiyata. Malam, wanda ya leƙo daga zaure, ya rufe bakinsa da rawani, kafaɗunsa suna rawa.

Washegari bayan la'asar Goggo ta yafa babban mayafinta, ta ce in sa rigar da na saba sawa, in rataya kati, in riƙo igiya. Muka hau keke mai ƙafa uku, ni da ita da Malam, har Limawa. Muka tarar da Alhaji a kan dakali tare da limamin unguwa da wasu dattawa. Ɗakin ya sha sabon fenti shuɗi, an yi masa daɓen siminti, an sa sabon kwaɗo. An bi gefen da'irar allina da fenti a hankali don kada a shafe ta.

Goggo ta gaishe su da Fulatanci, gaisuwa mai tsawo, ta tambayi gida da zafi da jikoki. Sannan ta ce ta ji labarin alherin da Alhaji ya yi niyya.

"Gaskiya ne, Hajiya," in ji liman. "A masallaci ya faɗa da bakinsa, ya ce ya ware ɗakin nan domin 'yan gudun hijira. Har addu'a muka yi masa."

"Abin da ya samu 'yan'uwanmu ai ya same mu," in ji Alhaji, yana gyara hula. "Mutanen ƙungiyar kawai nake jira."

"To, sun iso," in ji Goggo. Ta kamo hannun rigata ta jawo ni gaba. "Ga ƙungiyar. Ni na yi masa wanka yana jariri. Wannan kuma igiyar shanyata ce."

Alhaji ya dube ni daga gilashi har takalmi. Ya leƙa bayanmu, ko zai ga mota.

"Yaro, kai ne ka zana mini ƙofa?"

"Ni ne, Bappa. Gado nake aunawa."

"Gado."

"Mai rumfa ne."

Wani dattijo ya soma tari. Goggo ta nuna Malam ta ce ga ɗan gudun hijirar, mahaddaci ne, matarsa na gab da haihuwa. Liman ya miƙa wa Malam hannu, ya ce Allah ya karɓi niyyar Alhaji tun kafin ya tashi daga inda yake zaune. Dattawa suka ce amin, duk suka juyo suna kallon Alhaji.

Ya daɗe yana kallon fentinsa.

"Dama irinsu nake so," in ji shi. "Ƙungiya ai hayaniya ce." Ya ce Malam ya biya abin da ɗan hayar da ya tashi yake biya. Sannan ya ƙara da cewa fentin dai da tsada ya saye shi.

"Shi ya sa ladansa zai yi yawa," in ji Goggo.

A hanyar dawowa Malam ya ce akwai sauran aiki a kaina. Duk ƙofar da na zana, akwai wani iyali da aka hana ɗakin saboda ita. Na ɗauki tsumma da ruwa a gora na bi gidajen ina gogewa, ina so in yi bayani, bakina yana ƙi. Kafin mako ya zagayo labari ya bazu cewa ƙungiya ta soke ɗakunan Nassarawo da Limawa don ba su cika sharaɗi ba, kuma an kori ma'aikacin farko saboda cin hanci, an turo wani mai kama da shi. Haya ta sauko. Maƙwabtanmu biyu sun sama wa baƙinsu ɗaki a wannan makon.

Ranar tashi aka fitar da gadon ta ƙofar bayan da ake shigo da itace, aka ɗora a kura. Ƙofar Alhaji na auna ta daidai, amma ban auna kwanar lungun ba. Sai da matasan layin suka ɗaga shi sama da kawunansu suka tsallakar da shi ta katangar maƙwabci, Alhaji na binsu yana roƙon a yi hankali da fenti. Da ya shiga ɗakin, abin da ya rage na fili bai wuce shimfiɗar tabarma da wurin buhun littattafai ba.

Ruwan farko ya sauka suna ciki, da iska mai ƙarfi wadda ta yaye rabin rufin zaurenmu. Bayan 'yan kwanaki matar Malam ta haifi namiji a ɗakin. Da muka je barka muka same ta a kan tabarma da jaririn, 'yan matan biyu kuma suna can saman gadon suna tsalle.

"Ke, me kike yi a ƙasa?" in ji Goggo.

"Ina jira ki kawo mini tsani, Goggo," in ji ta, ta miƙa mata jaririn.